Gasasshen Dankali da Ciyayyar Babanku

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanakin da zan faɗi wannan da bakina.

Abba, da kai nake, da ƙannenka duka. Na san abin da ake faɗa a bayan idona tun rasuwar babanku, don gidan nan bai yi girman da magana za ta ɓace a cikinsa ba. Wai da na riƙe shi a ɗaki, da ban riƙa tura shi ƙofar gida yana cin gishirin maƙwabta ba, da ya ƙara kwana. Na ji, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ce uffan ba. Ba don ba ni da baki ba, kun san ni sarai. Maganar ta shafi gidajen mutane ne, masu gidajen kuma a lokacin suna raye. Yanzu na ƙarshensu, Alhaji Ɗanlami, ya bi sauran, Allah ya jiƙan su baki ɗaya. To ku zauna ku ji yadda aka yi, ku daina yi mini kallon matar da ba ta san ciwon mijinta ba.

Tun kafin a kawo ni Koki daga gidanmu na Jakara ake ciyayya a ƙofar gidan nan. Ku da kuka tashi kuka gan ta kun ɗauka cin tuwo ne kawai. Da an idar da sallar Magariba sai a shimfiɗa tabarma a jikin dakalinmu, kowane gida ya fito da kwanonsa, magidanta su zauna su ci tare. Su biyar ne a zamanin da nake ba ku labari: babanku, da amininsa Alhaji Ɗanlami mai yadi, da Malam Garba mahauci, da wasu dattawa biyu na lungun baya. A nan ake sanin wanda ba shi da lafiya, a nan ake sasanta masu rigima, a nan ake tsokanar juna da abin da ya faru tun suna makarantar allo. Babanku yakan wuni a shagonsa na turare a Kurmi yana yi wa masu saye fara'a, amma hirarsa ta gaskiya a kan tabarmar nan yake yin ta. Mu mata kuwa namu shi ne mu zuba, mu rufe da faifai, a fita da shi, a dawo mana da kwano. In ya dawo tas kin ji daɗi, in ya dawo da saura kin shiga tunanin me kika yi ba daidai ba. Iyakar abin da na sani game da ciyayya ke nan, shekara da shekaru.

A shekarar da nake magana, babanku ya yanke jiki ya faɗi a shago bayan sallar Azahar. Hawan jini ne, har ya taɓa masa zuciya. Ya kwanta a asibiti, da za a sallame shi likita ya jero abubuwan da zai bari: gishiri, dunƙulen ɗanɗano, kanwa, soye-soye, kitse, man ja ma sai ɗan kaɗan. Ina tsaye ina jin sa na ce a raina, to bawan Allah me ka bar mana, ruwan zafi? Kai kuwa Abba ka ɗauki maganar nan ka riƙe ta gam. Ban ga laifinka ba, tsoro ne ya kama ka, ni ma ya kama ni. Kai ka yanke cewa an daina fita ciyayya, tunda ba mu da iko da tukunyar mutane. Babanku bai musa ba. Rashin musun nan shi ya fara tayar mini da hankali, don mutum ne da ko a kan farashin albasa sai ya yi gardama.

Ciwon ya lafa, magani ya karɓe shi, amma mutumin ya riƙa lalacewa a gaban idona. Zan tuƙa tuwo, in kaɗa miya lami, ba gishiri ba komai, in kai masa ɗaki. Ya yi loma biyu ya ture. Da Magariba ta yi aka fara jiyo muryoyinsu a waje, sai ya ƙure rediyo, shi da ya tsani ƙara. Abokan sukan shigo su gaishe shi, su tsaya a bakin ƙofa su yi masa sannu kamar baƙi, su koma su ci abincinsu. Rigunansa suka yi masa yawa. Ya daina tsokanata, ya daina tambayar labarin kasuwa, carbi ma sai ya riƙe shi a hannu ba ya ja. Wallahi na ga mutumin da aka ceto daga asibiti yana shirin tafiya a cikin ɗakinsa. Wata rana na kasa haƙuri na ce masa ai ba dole sai ya ci nasu ba, ya fita da kwanonsa ya zauna a cikinsu ko iska ya sha. Ya buɗe kwanon ya turo mini shi.

"Dube shi da kyau," ya ce. "Wannan zan ajiye a gaban Ɗanlami? Ai sai su ɗauka ke ce ba ki da lafiya."

Na duba kuwa. Tuwo fari fat, miya ta tsinke, ba mai ba kyan gani. Gaskiyarsa ce. Magidanci in ya fita da kwano, da mutuncin gidansa ya fita. A nan na gane abin da nake nema, wato abin da zai iya ci, wanda kuma ba zai ji kunyar buɗe shi a gaban mutane ba.

'Yar'uwarku Bilki ce ta nuna mini hanya ba da saninta ba. Lokacin ta zo wankan haihuwarta ta fari, tana kwance a ɗakina tana ta danna waya daga safe zuwa dare. Sai ta kira ni in ga wata mata tana gasa dankalin Turawa a obin, ta sauke, ta watsa masa ɗanyen ganye, ta ajiye shi a gefen nama. Bilki ta fara karanto mini sunayen ganyayyakin da Turanci, na ce ta daina wahalar da harshenta. Ga ɗoɗɗoyata nan a tsohon bokiti a gindin rijiya, ga na'ana'a, lawashi kuwa ko mai albasa ka roƙa zai ba ka. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne kalar abin. Ya yi ja-ja kamar gefen gurasa, ga kore a kansa shar, kuma ban ga an tsoma shi a mai ba.

Obin kuwa muna da shi. Kukar gas ɗin nan da Abba ya saya mini da ya fara aiki, ƙasanta ai obin ne, amma tun da ta shigo gidan nan kabad na mai da shi, kamar yadda duk matan unguwa suka yi da nasu. Na tsuguna na fito da kwanukan tangaran, da ledoji, da murafen da suka rasa tukwanensu, har da wani ludayi da na daɗe ina zargin mutane da shi. Na ɗauka abin wasa ne. Ni fa 'yar gidan masu gurasa ce, a bakin tanderu na tashi, da bayan hannu ake gwada zafinsa a gidanmu. In an gama fitar da gurasa innarmu takan bar mu mu jefa dankalin Hausa a sauran wutar, mu zauna muna jira muna haɗiyar yawu. Na ce a raina obin ai tanderu ne da aka yi masa ƙofa a gefe.

Sai ya nuna mini iyakata. Na farko ya ƙone a waje, cikinsa ɗanye garas-garas. Na biyu na zuba ganyen tun daga farko, ya fito baƙi ƙirin da ɗaci, Bilki ta ɗanɗana ta ce ita mai jego ce a tausaya mata. Wani karon na cika tiren taf don rowar gas, sai ya yi gumi ya dahu luguf kamar na fate. Da kaɗan-kaɗan na gano kansa. A zaɓi ƙanana masu santsin baya, a wanke tas, a bar musu ɓawonsu, a raba biyu. A ɗan tafasa su, ba har su dahu ba, a tsiyaye, a rufe tukunyar a girgiza ta don gefensu ya ɗan farfashe, nan ne zai yi ƙamas-ƙamas. Man gyaɗa cokali guda ya isa in da hannu aka murza shi, tare da dakakkiyar citta da masoro, tafarnuwa kuma a jefa ta da rigarta don kada ta ƙone. Obin ya yi zafi sosai kafin a saka, kowane yanki ya kwanta a kan fuskarsa, a bar masa wuri kada ya jingina da ɗan'uwansa. Ganyen kuwa sai an sauke yana tururi, sannan a yayyanka ɗoɗɗoya da lawashi da ɗan na'ana'a a watsa, a matse lemun tsami a kai. Tsamin nan shi ke sa harshe ya daina neman gishiri. Daga baya na riƙa jefa jan tattasai a tsakani, ba don komai ba sai don kyan ido.

Shi dai ba abinci ne mai zaman kansa ba, ɗan rakiya ne. Ranar da ya fito yadda nake so na jera shi a babban tire, na ajiye farfesun kifi marar gishiri a gefensa, na kai masa. Ƙamshin ya riga ni shiga ɗakin. Ya dubi tiren, ya dube ni, ya cinye, har ya bi sauran ganyen da yatsa. Farfesun ma da kullum yake turewa ya tafi tare da dankalin. Na sake yi, na kuma sake yi. Wata rana ana kiran Magariba ya tambaye ni ko na yau yana da yawa. Na ce akwai. Da ya dawo daga masallaci bai cire hularsa ba, ya ce a rufe tiren a fita da shi. Kada ku tambaye ni yadda na ji. Na shiga kicin na yi kukana, na share fuska, na fito na ci gaba da aikina.

Kai Abba da ka zo ka tarar ya fita, ka ɗaga hankalinka ka ɗaga nawa. Na rantse maka cewa nasa kawai yake ci, abin da na dafa da hannuna, zama cikin mutane ne kawai ya fitar da shi. Da zuciya ɗaya na rantse, don abin da na sani ke nan. Tire kullum tas yake dawowa. Mutumin ya dawo hayyacinsa, ya koma leƙa shago, ya koma tsokanata, har yana ce mini Baturiyar Jakara. Matan unguwa suka fara aiko da tambayar me nake sa wa dankali da mazansu suka ishe su da zancensa. Na ji daɗi, kaina ya kumbura, ban tsaya na tambayi kaina ba: in duk mazan unguwa suna cin dankalin nan, shi me yake ci?

Alamun suka fara fitowa a hankali. Ƙafarsa ta soma kumburi, takalmi ya matse shi. Ciwon kai ya dawo da safe. Da aka koma asibiti aka auna, jini ya sake hawa, likita yana ta tambayar ko an koma sa gishiri, Abba yana ta hararata. Na dawo gida ina ta binciken tukwanena kamar ɓarauniya. Sai da na zo wanke rigarsa na ga jan mai a bakin hannun, ni kuwa rabona da zuba man ja haka tun kafin ya kwanta. Da Magariba na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na laɓe a soro na leƙa ta tsagar ƙyaure.

Na gan shi ya ɗauki tirena ya buɗe, ya tura shi tsakiyar tabarma yana cewa bismillah. Hannuwa suka yi caa a kai. Shi kuma Malam Garba ya turo masa kwanon gidansa, miyar kuka ce man shanu na yawo a kanta, ga tsoka ga kitse, babanku ya gyara hannun riga ya sa hannu. Daga nan ya koma na Alhaji Ɗanlami, Alhajin yana ta zaɓo masa nama yana turawa gabansa. Har aka tashi ban ga ya ɗauki dankali ko yanki ɗaya ba. Ashe ni da hannuna na gasa abin da ya fitar da shi wurin abin da zai kashe shi.

Na bari ya shigo ya zauna, sannan na tambaye shi dankalin nan wa nake gasa wa. Ya gane na gani. Bai yi faɗa ba, bai kuma ɓoye ba.

"Ke ba ki taɓa zama a ciyayya ba," ya ce. "Ba a cin kwanon kai. In na jawo tirena gabana ina ci ni kaɗai, ai ban fita ba, ɗakin na ɗauka na kai waje. In kuma Garba ya turo mini nasa na ƙi sa hannu, matarsa na zaga."

Na ce to ya faɗa musu mana, ai ba baƙi ba ne, sun san ya kwanta. Sai ya ce ya riga ya gaya musu likita ya sake shi, ya ci komai. Ya ce shi ba zai zama mutumin da ake yi wa kallon tausayi a kan tabarmar da ya gada ba, ana kaffa-kaffa da shi ana ƙirga masa loma. Ya dube ni sosai ya ce kada ya ji maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ko wurin Abba, ko wurin kowa.

Kun ga inda na tsaya ke nan. In na faɗa wa Abba, ƙofa za a rufe, babanku ya koma ɗaki ya ƙarasa abin da ya fara a can. In na yi shiru, gishiri ya cinye shi a waje ina kallo. Abin da ya rage shi ne in saɓa masa, ni da tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa fitar da zancen ɗakinsa ba. Na wuni ina juya abin ina tsinkar ganye. Ban yi shawara da kowa ba, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Da la'asar na zuba dankali a kwano, na yafa mayafi, na ce masa zan shiga maƙwabta. Ya ce a dawo lafiya.

Gidan Alhaji Ɗanlami na fara. Uwargidansa Hajiya Tabawa, Allah ya jiƙan ta, kun san bakinta, kuma a lokacin ma ba mu daɗe da yin cacar baki a kan kwata ba. Na zauna na zayyana mata komai, ban rage ba, har da cewa Malam, wato babanku, ya hana ni. Ta saurare ni tana taunar goro.

"Yanzu ke so kike mazan unguwa su koma cin lami saboda mijinki?"

"Eh," na ce. "Abin da na zo roƙo ke nan."

Ta buɗe kwanon da na kawo ta ɗauki dankali guda ta ci, ta ce ai da ɗan gishiri da ya fi haka. Ta ɗauki na biyu. Sannan ta ce na ja mata aikin tukunya biyu kullum da tsufanta, Allah ya saka mata. Tana faɗa tana laluben mayafinta. Ita ta shige gaba muka bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya, ita ke magana ni ina gefe ina sunkuyar da kai, don kunya ta hana ni ɗagowa. Abin da aka tsayar mai sauƙi ne a baki, mai wuya a aiki. Kowace mace ta ɗibi miyar waje a ƙaramar tukunya kafin ta sa gishiri da dunƙule, ta rage mai, ta cire kitse. Ni kuma na rarraba musu ɗoɗɗoya su dasa, na nuna musu yadda tafarnuwa da lemun tsami suke tayar da miyar da ba ta da komai.

Kowace ta faɗa wa mijinta. Hajiya Tabawa ta ce mini Alhaji Ɗanlami da ya ji sai da ya yi hawaye, yana cewa ashe shi da yake zaɓo masa kitse don ƙauna cutar sa yake yi. Shi ya tara sauran bayan sallar Asuba ya ce duk wanda ya zo da gishiri a aljihu kada ya hau tabarma, kuma kada wanda ya nuna wa babanku an san komai. Malam Garba ya ce shi mahauci ne, komai zai iya banda wannan. Daga baya ya samo wa kansa dabara, sai ya cika cikinsa a cikin gida tukuna, sannan ya fito ya yi ta ɗan tsakura yana yamutsa fuska. Haka mutanen nan suka riƙa ci, ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba, har ƙarshen ran babanku. Dattawa ne masu abin hannunsu, ba wanda likita ya hana komai a cikinsu. Amma bari in koma ranar farko, don ba a wanye da sauƙi ba.

Ranar na sake laɓewa a soro. Aka buɗe kwanuka. Babanku ya sa hannu a na Alhaji Ɗanlami, ya kai baki, ya tsaya.

"Ɗanlami, yau Hajiya ta manta gishiri."

"Ba ta manta ba," in ji Alhajin, idonsa a kan tuwo. "Ni ma an ce in rage."

Babanku ya miƙa hannu ya taɓa na Malam Garba. Ya ɗanɗani na uku, ya ɗanɗani na huɗu. Kowa ya duƙufa yana ci kamar bai taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba, babu wanda ya ɗaga kai. Ai abin nasu ya yi yawa, ko yaro ne sai ya gane. Ya jawo ruwa ya wanke hannunsa, ya ce musu sai da safe, ya tashi. Kafin in bar wurin ya turo ƙyauren, muka yi ido huɗu.

"Gida nawa kika shiga?"

"Duka."

"Bayan na hana ki."

"Bayan ka hana ni, Malam."

Ya wuce ni ya shige ɗakinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya daina fita, ya kuma daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa. In na kai abinci ya ci abin da zai ci ba ya duban inda nake. Bilki ta lura ta tambaye ni, na ce ta ji da jaririnta. Abba da ya zo ya ga babansa a ɗaki har daɗi ya ji, yana cewa gara haka. Ni kaɗai na san abin da na yi. Na ɗauki sirrin mijina na kai gida huɗu don kada ya koma ɗaki, ga shi ya koma, ga shi kuma ya ɗauke mini fuskarsa. Ban taɓa jin kaɗaici a gidan nan irin na kwanakin ba.

Duk da haka ban daina gasa dankali ba. Kullum da Magariba sai na rufe tiren an fita da shi, don ban yarda a ce kwanon gidan nan ya daina fita ba. Hajiya Tabawa ta shigo ta raɗa mini cewa ta ce wa Alhaji a mai da gishiri har Malam ya huce, ya ce a'a, yadda aka fara haka za a ci gaba, kuma a bar masa wurinsa a jikin dakali kada wanda ya zauna. Su dai suna can suna cin lami saboda mutumin da ba ya wurin, shi kuma yana nan a ɗaki yana jin su, don a wannan karon bai kunna rediyo ba.

Malam Garba ne ya gaji. Wata Magariba na shiga ɗakin in ɗauke kwano, sai muka ji muryarsa ta cika lungu, irin muryar da yake kiran masu saye da ita. Ya kira babanku da sunan da suke kiran sa tun suna yara, wanda ba zan maimaita muku ba.

"In ba za ka fito ba ka aiko mana mu mai da gishirinmu! Harshena ya mutu a banza, ga ka babu, ga gishiri babu. Wannan wace irin cuta ce?"

Sauran suka yi ta yi masa tsawa ya yi shiru, shi kuma sai ƙara murya yake yi, yana lissafa miyar da aka ɓata masa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, ya ƙarasa lalata abin. Na saci kallon babanku. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Da farko na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce yake dannewa, ko da yake da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ashe tausayin ne ya kasa ɗauka, zagin kuwa ya san inda zai ajiye shi.

Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa daga kan gado, ya karkaɗe ta, ya sa. Ya tashi ya zo bakin ƙofa inda nake tsaye, na matsa masa. Bai dube ni ba, amma ya tsaya.

"Gobe ki ƙara dankalin," ya ce. "Ki cika masa ganye. Mutanen nan wahala suke sha."

Na ce, "To, Malam." Ya sa takalminsa ya fita wurin mutanensa.